Ƙusa Biyu a Birkin Barewa

Tawa, 2 ga Oktoba

Zuwa ga taubashina kuma bawana Isma'ila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da injunan da kake yi wa hidima a ramukan zinariya. Mu nan lafiya lau. An fara yankan hatsi. Ɗalibaina sun dawo makarantar lise da kawunan da suka tafi hutu da su, babu ƙari. Baba, kawunka, yana nan yadda ka bar shi. Tun da har yau waya ba ta san hanyar dutsen da kuke ba, ga takarda ta hannun Rissa direban babbar motar nan, kamiyon ruwa.

Labari biyu gare ni, kuma sun haɗu wuri guda.

Na farko na mahaifiyarka ne. Yanar idon Gwaggo Tanna ta rufe duka biyun, yanzu da murya take gane jikokinta. Likitocin ido za su zo Tawa ranar uku ga Nuwamba, kwana uku kawai za su yi, kuma na rubuta sunanta. Na aika Tungar Ciɗo a gaya mata. Ta ce ba ta hawa babur, ba ta shiga motar kasuwa a matse ta da buhun albasa. In ƙanenta yana son ta sake ganin duniya, ya zo da motarsa ya ɗauke ta. Baba ya ji wannan ya yi kwana biyu yana murmushi. Ya sa ranar Alhamis, talatin ga wata.

Na biyu na Barewa ne. Ka san ra'ayina a kan jar motar nan mai ƙofa biyu. An ƙera ta don Turawa su yi tsere a kan kwalta mai santsi, Allah ya rubuta mata ta tsufa tana jiran awaki su tsallaka hanya a Adar. Ta girme ni da shekara goma sha takwas, kuma har yau ita ake fara yi wa wanka a gidan nan. Shekaranjiya da safe na ga ƙasa ta jiƙe wajen tayar hagu, faɗin tafin hannu. Na taɓa. Ba ruwa ba ne, ba baƙin man inji ba ne, wani abu ne fari-fari mai santsi. Na buɗe gwangwanin man birki, na ga ya sauka rabi.

Na nuna wa Baba. Ya ce, "Mota mai shekara hamsin da wani abu, in ba ta ɗiga ba mi za ta yi? Ni ma ina ɗiga."

Na yi dariya don ya ji daɗi. Amma ka san hanyar Tunga. Bayan Kalfu a hau fako, a yi ta tafiya, sai gangaren nan da ke sauka cikin kwari. Lanƙwasa uku, dutse a hagu, rami a dama. Birkin hannu kuwa ka san yadda yake: dutsen nan ne da Baba ke ajiyewa bayan kujera, ya sa a gindin taya in ya tsaya.

Kai kaɗai ya taɓa bari ka shiga ƙarƙashinta. Shekara uku da tafiyarka, ba wanda ya ga cikinta sai kaji. Rubuto mini abin da za a yi, da hannun da ake iya karantawa in Allah ya ba ka iko.

Uwar ɗakinka,
Hasiya

*

Tawa, 10 ga Oktoba

Bawana,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Na san amsarka ba ta isa zuwa ba tukuna, amma wani direba zai tashi gobe, kuma akwai ci gaba, in ci gaba ne sunansa.

Baba ya gaji da jiran takarda. Ya aika tasha aka kira Illa, mai gyaran motocin kasuwa, wanda ka taɓa cewa yana iya ta da inji da igiya da addu'a. Ya zo da tabarmarsa ya kwanta a ƙarƙashin gaban motar. Ni kuma na ɗauko kujera na zauna kusa, abin da bai yi masa daɗi ba.

Ya gano wurin nan take. Siririn bututun ƙarfen da ke kai mai ga tayar gaba ta hagu ne tsatsa ta cinye. Ya ce babu irinsa a Tawa, sai Ƙonni ko Sakkwato, kuma ko can sai an dace. Na ce to a aika. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya ce a aika duniyar wata.

Ga abin da ya yi, da idona na gani. Ya kwance bututun daga mararrabar da yake fitowa. Ya zaro ƙusa daga aljihu, ya yanke ta da filaya, ya cusa a ramin, ya ɗaure noti a kai. Ya cika gwangwani da mai. Ya fito yana karkaɗe riga. Ko shayin da aka ɗora masa bai tafasa ba.

Na ce, "Malam Illa, yanzu wannan tayar ba ta da birki ke nan."

Ya ce, "Madam, saura ukku. Kin taɓa ganin akuyar da ta karye ƙahwa guda ta kwana a daji?"

Na ce masa ni fizik nake koyarwa. Ya ce shi ma ya ji labarinta.

Ya ce rabin motocin da ke zuwa Abalak haka suke tafiya, kuma ga su nan suna dawowa. Ban tambaye shi ɗaya rabin ba. Baba ya taka birki, feda ta yi tauri, ƙasa ta bushe. Ya dube ni da fuskar wanda ya ci shari'a.

Na zauna na yi lissafi a bayan takardar wani ɗalibi. Ƙafa uku cikin huɗu, mota marar nauyi, tsoho mai tafiya a hankali. A takarda abin yana yiwuwa. Ban san dalilin da ya sa nake ta maimaita lissafin ba. Ka ce mini ya isa, in bar shi.

Hasiya

*

Dutsen aiki, 13 ga Oktoba

Zuwa ga uwar ɗakina Hasiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta biyu ga wata ta same ni jiya. Ina lafiya, sai zafi da ruwa mai gishiri. Na yi murna da maganar idon Inna ƙwarai. Allah ya saka miki. Ki gaida Kawu.

Hasiya, akwai abin da zan faɗa miki, kuma ki karanta ke kaɗai.

Ɗigon da kika gani wajen tayar hagu na san shi, nawa ne. Satin da zan taho, na ga bututun da ke kai mai ga tayoyin baya ya fara tsattsafa. Na je Ƙonni na sayo sabon bututu nannaɗe, da notuna, da robobin birki na tayoyi huɗu, da ƙarfen buɗe bakin bututu. Niyyata in canja duka ranar Asabar. Sai aka ce kamiyon da zai kawo mu arewa zai tashi Alhamis. In na rasa shi, na rasa aikin. Sai na goge ƙusa, na toshe mararrabar baya, wadda ke saman ƙarfen tayoyi ta ɓangaren hagu. Na ce tayoyin gaba biyu sun isa Kawu zuwa masallaci da kasuwa, wata uku zan dawo in gyara. Ban gaya masa ba. Kin san shi ya koya mini riƙon sifana tun ina yaro, kuma kin san abin da yake cewa a kan masu toshe birki. Na kasa buɗe baki.

Wata uku ta zama shekara uku. Kullum ina cewa zan rubuto, kullum ina cewa ai cikin gari yake yawo.

To Barewa ba ta da birkin baya ko kaɗan. Ina jin ƙusata ce ta saki. Kada ya sauka gangaren Tunga a haka.

Kayan suna cikin shuɗin akwatin ƙarfe a ɗakina, ƙarƙashin bargo. Ga yadda za a yi. A canja duka bututan, na gaba da na baya, don sa'o'in juna ne. A kwance tsoho a ajiye a ƙasa, a auna sabo a jikinsa. A sa noti tukuna kafin a buɗe bakin bututun, kowa yana mantawa. Bakin ya buɗe daidai kamar na algaita, in ya tsage ko ya karkace a yanke a sake. Wajen lanƙwasawa a naɗa shi a jikin kwalba, kada a karya da hannu, zai tsuke. In an gama ɗaurewa a fitar da iska. Mutum ɗaya a feda, ɗaya a ƙasa, a fara da tayar da ta fi nisa da direba. A yi ta yi har mai ya fito babu kumfa.

Ki nemi wanda ya san aiki ya taya ki, amma ki tsaya a kansa. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki bari mutanen tasha su taɓa ta ba kya nan. Na san abin da za su yi, don ni ma shi na yi.

In ya zama dole ki gaya wa Kawu, ki gaya masa. Na fi son ya daina yi mini magana.

Naki,
Isma'ila

*

Tawa, 21 ga Oktoba

Isma'ila,

Lafiya muke. Kai fa? Takarda biyu na aika, ko layi ɗaya ban samu ba. Rissa bai dawo ba, matarsa ma ba ta san inda yake ba. A kasuwa ana cewa wani rami ya rufta a wajenku, wasu sun ce mutum huɗu, wasu sun ce goma sha ɗaya, ba wanda ya san sunan dutsen. Na gaya wa kaina kai mai inji ne, a sama kake aiki. Ban gaya wa Baba ba. Gwaggo ma na hana a kai mata.

Ina ɗaukar shirunka a matsayin ɗaya daga biyu: ko ba ka ga abin damuwa a aikin Illa ba, ko kuma wanda ba na son rubutawa.

Barewa ta koyi sabon hali. Ranar Juma'a wata tunkiya ta shiga gaban Baba a bakin masallaci. Ya taka birki, motar ta bar tunkiyar ta juya dama kamar an kira sunanta, ta je ta sumbaci katangar liman. Fitila ɗaya ta fashe. Baba ya ce yashi ne. Na je na duba wurin, ƙasa ce mai tauri kamar daɓe.

Na san dole ta ja dama tun da hagu babu. Amma tayoyin baya biyu ya kamata su riƙe ta, kada ta juya haka. Lissafina bai ba ni wannan ba, kuma ba na son lissafin da bai fita ba. Ramin gangaren Tunga a dama yake.

Na ce wa Baba mu ɗauki hayar wata motar. Ya ce yayarsa ba wata motar ta ce ba. Na ce zan bi shi. Ya ce kujera biyu ce, ta baya ta kaya ce, kuma ina da aji ranar.

Saura kwana tara. In kana raye ka rubuto, ko zagi ne.

Hasiya

*

Dutsen aiki, 21 ga Oktoba

Hasiya,

Ina lafiya. Takardarki ta goma ga wata ta zo yau. Na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa.

Na yi kuskure. Da kika ce tayar hagu na ɗauka ta baya ce. Ashe ta gaba ce. Ƙusata tana nan daram. Illa ya ƙara tasa a gaba, yana ganin saura uku. Ba uku ba ne. Na toshe biyu, ya toshe ɗaya. Taya ɗaya ce ke tsayar da motar nan, ta gaba ta dama, kuma bututunta sa'an wanda ya ruɓe ne.

A cikin gari zai riƙe. A gangare, in Kawu ya ɗora ƙafa tun daga sama, tayar za ta yi zafi, man zai tafasa, feda ta tafi ƙasa. Ko bututun ya fashe. Ko ta ja shi dama tun a lanƙwasa ta farko.

Na ji an ce kamiyon Rissa ya lalace kafin Agadas. In haka ne takardata ta farko tana aljihunsa, ba ki san komi ba.

Na roƙi mai gidan aikinmu wayarsa ta tauraron ɗan'adam, ya ba ni minti biyu. Wayata ta mutu tun bara da duk lambobin ciki, ta Kawu kaɗai na haddace. Ya ɗauka. Na ce, "Kawu, Isma'ila ne, kada ka hau Barewa." Ya ce, "Wa?" Na sake faɗa da ƙarfi. Ya ce, "A'a, ɗan Tanna. Barewa lahiya lau, an gyara." Na ce, "Kawu, akwai ƙusa a birki." Ya ce, "Na sani, gabana aka sa ta. Kana cin abinci?" Na ce ya ba ki wayar, ya ce kina lakwal wajen ɗalibai. Na buɗe baki in ce wata ƙusar ce, tawa, sai na tsaya neman yadda zan fara. Kafin in samu, layi ya yanke. Mai gidan ya tafi Agadas da wayarsa da yamma.

Minti biyu aka ba ni, na ɓata su wajen jin kunya.

Na ba wani direban Tabalak wannan, ya rantse zai biyo ta inda Rissa yake ya karɓo ta farkon, ya kawo miki duka zuwa Laraba, jajibirin tafiyar. Ki ɓoye makulli. Ki cire batir. Ki kwanta a gaban motar in ya kama. Uwata da kawuna ne za su hau gangaren nan su sauka, kuma ni na sa hannu.

Isma'ila

*

Tawa, 7 ga Nuwamba

Isma'ila,

Kowa yana raye. Na sa wannan a farko don ka iya zama ka karanta sauran. Baba lafiya, Gwaggo lafiya, ni ma an ce lafiyata lau. Na gode Allah da ramin da ya rufta ba naku ba ne.

Direbanka ya cika alkawari. Takardunka biyu sun iso Laraba da safe, kwana ɗaya kafin ranar tafiya, daidai yadda ka lissafa. Abin da ba ka lissafa ba shi ne kawunka. Ya tashi ranar ya ga bai kyautu ya je garinsu ya juyo kamar mai karɓar haraji ba, gara ya kwana. Ya fita ƙarfe bakwai. Direban ya same ni a ƙofar lise bakwai da rabi ta wuce.

Na karanta ta biyun tukuna, don ita ce a sama. Huɗu a cire biyu a cire ɗaya. Shekara biyar na yi a jami'a a Yamai, kuma wannan ne lissafi mafi wuya da aka taɓa ba ni. Na kira wayar Baba. Ƙanwata ta ɗauka a gida, ta ce ga ta nan a kan buzunsa. Ka san ba ya tuƙi da waya.

Na kira Illa na ce ya je gida ya ɗauko shuɗin akwati da duk man birkin da yake da shi, ya biyo hanyar Tunga. Ya fara tambaya. Na ce masa akuyarsa ƙafa ɗaya gare ta. Ya ce ga shi nan.

Na tare ɗan kabu-kabu mai babur, wani magidanci mai furfura a gemu. Na ce Tungar Ciɗo, kuma ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Ya dubi takalmina da jakar littattafaina, ya ce, "Haihuwa ko rasuwa?" Na ce ya danganta da shi.

Ba zan iya ba ka labarin hanyar ba. Na san a Kalfu wata mai ƙosai ta ce jar mota ta wuce, ba ta daɗe ba, ko kuma ta daɗe. A kan fako na riƙa ganin sawun tayoyinta sirara a jar ƙasa. Duk inda ya taka birki don rami, sawun yana karkata dama ya dawo. Na daina kallon ƙasa. Na riƙa kallon gaba ina neman hayaƙi, ko taron mutane, don su ne ake fara gani.

Ka tuna abin da muke yi wa Baba dariya a kai tun muna yara? Ba ya shiga garinsu da rigar tafiya. Sai ya tsaya a gindin aduwar da ke bakin gangare, ya wanke fuska da ƙafa, ya sa babbar riga, ya naɗa rawani a madubin mota, ya kwance, ya sake naɗawa, mu kuma muna gasuwa a rana. Na taɓa ce masa a Tunga ba wanda bai san shi da ɗan kamfai ba. Na janye maganar.

Yana nan gindin aduwar. Jar motar ta juya hanci ga gangare, dutse a gindin taya, shi kuma ya sunkuya a madubi da rabin rawani a kai. Na sauka daga babur, na zauna a ƙasa a gabansa.

Ya ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa tukuna."

Na san in na tsaya bayani zai ce yashi ne. Sai na ce ya shiga ya taka birki iya ƙarfinsa, kada ya saki. Ban san irin muryar da na yi ba, amma ya shiga. Ni da mai babur muka ɗaga bayan motar da kirik. Na sa hannu ɗaya na juya tayar hagu, ta yi ta juyawa kamar faifai. Muka koma ta dama, haka. Ta gaba ta hagu, haka. Na ce, "Baba, kana takawa?" Ya ce yana takawa. Ta gaba ta dama kaɗai ta ƙi motsi.

Ya fito. Bai dube ni ba. Ya je bakin gangaren ya tsaya, rawani yana reto a kafaɗa, ya daɗe yana kallon lanƙwasa ta farko. Ka san akwai tsohuwar gawar motar albasa a ƙasan wurin. Da ya dawo sai ya cire babbar rigar, ya ninke, ya ce, "Mi za a yi?"

Illa ya iso da hantsi, akwati ɗaure a bayan babur. Na karanta musu takardarka ta farko daga inda ka ce ga yadda za a yi. Abin da ke sama na tsallake. Dole in yi wa Illa adalci: hannunsa ya san ƙarfe. Ni na auna, na naɗa a kwalbar da muka samu a akwatinka, shi ya buɗe bakin bututun. Na farko mun manta noti, kamar yadda ka ce kowa yana yi. Biyu sun tsage, na sa ya yanke, ya ce a tasha wannan mai kyau ne, na ce ba a tasha muke ba. Birkin baya ya manta aikinsa, sai da ya kwance shi ya tuna masa da guduma.

Da ya zo kan bututun tayar dama ta gaba, wanda shi kaɗai ke riƙe da ran kawunka, ya ɗora sifana ya ɗan murɗa. Bututun ya karye a hannunsa kamar busasshen kara. Mai ya zubo masa a fuska.  Illa ya fito daga ƙarƙashi ya je bayan aduwa, ya daɗe bai dawo ba.

Wajen fitar da iska Baba ne a feda, ni a ƙasa da kwalba. Taka. Riƙe. Saki. Taka. Riƙe. Saki. Tun da aka haife ni ban taɓa ba mahaifina umarni ya bi ba, ranar na ba shi ya fi ɗari. Sau ɗaya ya saki kafin in ce, na ce a sake daga farko. Ya ce to.

Da la'asar muka gama. Muka ɗaga kowace taya, kowace ta riƙe. Ya gwada a kan fako sau shida, ta tsaya a miƙe. Sannan ya wanke hannu, ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, sau biyu. 

Ni na zauna a gefensa. A nan ne tsoro na gaske ya zo, don yanzu babu ƙusar kowa a ciki, lanƙwasar hannuna ce. Na tuna kowane bakin bututu da na ce ya yi, ina tambayar kaina ko gajiya ce ta sa na ce ya yi. Na rungume dutsen birkin hannu a cinya, ban san abin da na yi niyyar yi da shi ba. Ramin yana ta ɓangarena. A lanƙwasa ta farko na ji motar ta sunkuya ta rage gudu, a miƙe. A ta biyu Baba yana karanta wani abu a hankali. A ta uku na gane ni ce ke karantawa.

Gwaggo tana zaune a ƙofar gida da ƙullin kayanta, ko da yake sai gobe za a tafi. Ta ji ƙarar inji ta ce wa Baba, "Isuhu, ka makara. Tun hantsi aka ce an hango ja a kan dutse." Washegari muka hau da ita, ni a kujerar kaya, gwiwoyina a haɓa.

An yi mata idon dama ranar Litinin, na hagu sai sun dawo. Da aka cire auduga ta dubi Baba ta ce ashe ya tsufa haka ba wanda ya gaya mata. Ta tambaye ka. Na ce kana lafiya, kana gaishe ta.

Saura maganar ƙusarka. Ban faɗa ba, kuma ban yi ƙarya ba. Da Illa ya zaro ta daga mararrabar baya, ya ɗaga ta a rana ya ce, "Wagga ba tawa ba ce, Alhaji. Ni yanka nikai in cusa. Wagga an zauna an goge ta, an yi mata kai daidai ramin." Baba ya karɓa ya juya ta a tafin hannu. Ka san wanda ya koya maka guga. Ya sa ta a aljihu, bai tambayi kowa komi ba, har muka dawo Tawa.

Jiya ya ga ina rubutu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ta ɗan Tanna ce in sa masa magana biyu. Ga su yadda ya faɗa. Ya ga aikinka, gugar ta yi kyau, shekara uku ko ɗigo ba ta yi ba. Kuma idon hagu na uwarka watan Maris ne, kai za ka sauka da Barewa ka ɗauko ta, shi zai zauna a gefe.

Na ce ko akwai ƙari. Ya ce babu. Ya huda ƙusar ya rataye ta a jikin makullin motar, tana nan tana ƙara duk inda ya taka.

Ni kuma alli yana karyewa a hannuna tun ranar, ɗalibai sun fara ƙirgawa. Ka zo a Maris, bawana. Kawunka ta ɓangaren rami zai zauna.

Uwar ɗakinka,
Hasiya